Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin "Mene Ne?" da "Akwai Shi?"

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a jami'a, bayan magariba kuma ina ɗaukar karatu a zaure. Muna cikin Ummul Barahina, malaminmu ya biya mana cewa ta farko cikin siffofi ashirin ita ce wujudi, wato samuwa. Sai ya ce malamai sun yi saɓani kan ko samuwa ita ce zatin kansa ko wani abu ce daban, daga nan ya wuce. A jami'a kuma an yi mana darasi kan Ibn Sina, aka ce shi ya raba wujudi da mahiyya. Ni dai kaina ya ɗaure. Abu in yana nan ai yana nan, me kuma za a raba? Shin maganar nan ɗaya ce da wadda malamin zaure ya taɓa? Kuma wani abokina ya ce duk wannan karatun mutanen da aka kafirta ne, in fita hanyarsa. Don Allah a warware mini. Daga ɗalibinka a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, allurarka ta tono garma. Layin nan ɗaya da malaminka ya biya ya wuce, a bayansa akwai gardamar da aka haura shekara dubu ana yi, tun daga Basra da Bagadaza har Kurɗuba da Isfahan. Bai yi laifi ba da ya wuce. Da ya tsaya a nan, da har a kira lisha ba ku kai siffa ta biyu ba.

Mu ajiye Larabci tukuna, mu fara da bakinmu. Yaron birni ya ji kakansa yana labarin farauta, ya ce, "Kaka, mene ne gwanki?" Tsoho ya ce naman daji ne, ya kusa kai doki girma, yana da dogayen kunnuwa da ƙahoni masu lanƙwasa baya. Yaro ya gane. Sai ya sake cewa, "To yanzu akwai shi?" Ka lura, duk bayanin da tsohon nan ya yi, babu amsar tambaya ta biyu a ciki. Girma da ƙaho da kunne ba za su gaya maka ko maharba sun ƙarar da shi ko da saura ba, sai an shiga daji an duba. Da dare yaron zai tambayi kakarsa mene ne Dodon tatsuniya, ita ma ta siffanta masa shi tsaf, da gashinsa da muryarsa da yawan cinsa, alhali ƙurunƙus ce. Amsar tambaya ta farko ita ake kira mahiyya. Amsar ta biyu ita ce wujudi.

Mu harshenmu ya hutar da mu, don tun asali a rabe suke a bakinmu. In za mu faɗi ko mene ne abu, sai mu ce "ne" ko "ce": doki ne, goɗiya ce. In samuwarsa muke nufi, sai mu ce "akwai" ko "babu". Girkawa da kalma ɗaya suke yin aikin biyu, Larabci kuma ba shi da takwararta daidai wa daida, shi ya sa masu fassara littattafan Girka a Bagadaza a ƙarni na 9 suka sha fama. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya yi dogon bayani kan wannan wahala a Kitabul Hurufi. Kalmar da ta yi rinjaye daga baya ita ce wujudi, daga "wajada", wato ya samu. Ka ga malaman zaure da suka fassara ta da "samuwa" sun dace, har saiwar kalmar suka ɗauko. Mahiyya kuwa daga "ma huwa" aka gina ta, wato mene ne shi. Da Bahaushe ne ya ƙirƙiro ta, da "menenentaka" zai ce. Allah ya rufa mana asiri ba mu kai ga haka ba.

To ina aikin Ibn Sina? Aristotal ya riga ya san tambayoyin biyu ne, Farabi ma ya taɓa batun. Abin da Ibn Sina ya yi, wanda aka haifa kusa da Bukhara wajen 980 ya rasu a Hamadan a 1037, shi ne ya ɗauki wannan bambanci ya mai da shi harsashin ginin falsafarsa gaba ɗaya, a littattafansa Shifa da Najat da Isharat. Misalinsa alwatika ne: kana iya fahimtar ma'anarta sarai, layi uku sun rufe fili, amma ka yi shakkar ko akwai ta a waje. Da samuwa tana cikin ma'anar, da shakkar ba ta yiwu ba, kamar yadda ba ka iya fahimtar alwatika ka yi shakkar ko gefenta uku ne. Haka ya yi da doki. Dokantaka in ka dube ta ita kaɗai, ba ta ce doki ɗaya ba, ba ta ce dubu ba, ba ta ce a barga yake ba, ba ta ce a cikin tunaninka yake ba. Duk waɗannan daga waje suke zuwar mata.

Daga nan ya ja zaren. In ma'anar abu ba ta ƙunshi samuwarsa ba, kuma ba ta kore ta ba, to abin nan mai yiwuwa ne, kamar sikeli ne da ɓangarorinsa biyu suka daidaita. In ka ga ɓangaren samuwa ya rinjaya, to wani ne ya ɗora masa nauyi. Samuwarsa aro ce. Ka ɗauki tsanin nan da ke yawo a unguwa. Ka tambayi wanda yake hannunsa, ya ce aro ne daga maƙwabci. Maƙwabci ya ce shi ma aro ya yi. Ko da layin masu aron ba shi da ƙarshe, in ka tara su duka, taron masu aro ne, kuma taron masu aro ba ya haifar da tsani. Dole akwai mai shi. Wannan mai shi, wanda samuwarsa tasa ce, shi Ibn Sina ya kira wajibul wujudi, wanda samuwarsa ta wajaba. Ka lura bai fara da kallon sama ko motsin taurari ba. Da samuwa kanta ya fara, kuma a Isharat ya yi alfahari da wannan hanya, ya ɗauke ta hanyar siddiƙai.

Sai ya ƙara mataki ɗaya, wanda shi ne ya jawo hayaniya. Ya ce wajibul wujudi ba shi da wata mahiyya daban da samuwarsa. Dalilinsa: da yana da ita, da sai a tambayi wa ya haɗa ta da samuwa. In wani ne, to ya zama mabuƙaci. In ita mahiyyar ce ta samar da kanta, to sai ta kasance kafin ta kasance, wannan kuwa hankali ba ya ɗauka. Saboda haka a wurinsa, kowane abin halitta tambayoyinsa biyu ne, amma ga Allah amsar ɗaya ce.

Akwai wani abu a nan da nake so ka riƙe, don yana da kyau ƙwarai. Mutane sukan ce magini ya gina ɗaki ya mutu, ɗaki yana nan, ashe abin da aka yi ba ya buƙatar wanda ya yi shi bayan an gama. Ibn Sina ya ce magini ba shi ne dalilin samuwar ɗaki ba, shi dalilin motsi ne kawai, ya kwaɓa ƙasa ya ɗora azara. Mai ba da samuwa na gaskiya dole yana tare da abin a kowane lokaci, don mai yiwuwa ba ya daina zama mai yiwuwa don an same shi. Ya fi kama da haske da fitila: ba a kunna ta a ɗauke ta a bar hasken a ɗaki. Sai dai ta wannan ƙofar ce kuma ya shigo da maganar da ta haɗa shi da malaman tauhidi, ya ce ashe duniya tana iya zama ba ta da farko a lokaci, amma duk da haka mabuƙaciya ce. Za mu dawo kan wannan.

Yanzu tambayarka ta biyu, ko maganar ɗaya ce da ta zaure. Ɗaya ce, kuma saiwarta ta girmi Ibn Sina. Mu'utazilawan Basra sun ce abin da ba a halitta ba tukuna shi ma "abu" ne, yana da wani irin tabbata tun kafin samuwarsa. Hujjarsu, Allah ya san shi kafin ya yi shi, kuma ayar da ke dab da ƙarshen Suratu Yasin ta kira shi abu a daidai lokacin da ake umartarsa ya kasance. Abul Hasan Ash'ari da mabiyansa suka ƙi. Suka ce abu da samamme ma'anarsu ɗaya, babu kuwa babu ce tsantsa, suka kafa hujja da ayar Suratu Maryam inda aka tunatar da Annabi Zakariyya, alaihis salam, cewa an halicce shi alhali bai kasance komai ba. Abin da suke gudu a fili yake. In abubuwa suna zaune tun azal suna jira, to halitta ta zama kamar ɗinka musu riga a sa musu ke nan. Don haka a wurin Ash'ari, samuwar kowane abu ita ce abin kansa.

Ibn Sina a tsakiya ya tsaya. Ma'anonin biyu ne, amma ba sa rabuwa: babu mahiyyar da ke yawo tsirara, ko dai tana waje ko tana cikin tunani. Bayansa sai ga Fahruddin Razi, wanda ya rasu a 1210, Ba'ash'are ne amma ya sha littattafan Ibn Sina ya ƙoshi. Shi ya ce samuwa ƙari ce a kan mahiyya, kuma ma'ana ɗaya ce da dukkan samammu suka yi tarayya a ciki. Hujjarsa, in na sa ta a bakinmu, ita ce ka ji motsi a ɗaki cikin duhu. Ka fara zaton ɓera ne, ka koma mage, ka koma ɓarawo. Zatonka kan ko mene ne ya sauya sau biyu, amma tabbacinka cewa akwai wani abu bai motsa ba. Ashe abin da ya sauya daban, wanda ya tsaya daban.

Ga inda zancen ya iso zaurenku. Shehu Sanusi na Tilmisan, wanda ya rasu a 1490, shi ya rubuta Ummul Barahina, shi kuma ya yi mata sharhi da kansa. A sharhin ya bayyana cewa lissafa wujudi cikin siffofi, in a mazhabar Ash'ari ne, akwai sassauci a ciki, tunda a wurinsa wujudi shi ne zatin. In kuwa a ra'ayin masu cewa ƙari ne, irin su Razi, to lissafin daidai yake ba sassauci. Wannan shi ne saɓanin da malaminka ya nuna da yatsa. Shi ya sa kuma aka ware wa wujudi suna shi kaɗai, siffa nafsiyya, ba a jera shi da ƙudura da irada da ilimi ba. Ita kanta kalmar wajibul wujudi da kake ji a bakin malaman tauhidi, bayan Ibn Sina ta yaɗu a littattafansu. Kana nemansa a jami'a, ashe ya daɗe da leƙo zaure.

Maganarka ta cewa abu in yana nan yana nan kuwa, kada ka raina ta, manya sun riga ka faɗa. Ibn Rushdi, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, ya zargi Ibn Sina da mai da samuwa wani abu mai bijirowa kamar fari ko baƙi, ya ce ya gauraya falsafa da zancen malaman kalami. Suhrawardi, wanda aka kashe a Halab a 1191, ya kawo sukar da ta fi kaifi. Ya ce in samuwa wani abu ce na daban a waje, to akwai ta ke nan. In akwai ta, ita ma tana da samuwa, samuwar tata ma tana da tata, haka har abin da ba ya ƙarewa. Don haka a wurinsa samuwa la'akari ce ta hankali kawai. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1328, shi ma ya ce bambancin na tsakanin abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ne da abin da ke waje, amma dokin da ke tsaye a barga, mahiyyarsa ita ce samuwarsa. Mutum uku ke nan da in an haɗa su a zaure ɗaya ba za a tashi lafiya ba, amma a wannan gaɓa kusan bakinsu ɗaya.

A ganina sukarsu ta fi faɗa wa gurguwar fahimtar Ibn Sina fiye da shi kansa. Nasiruddin Ɗusi, wanda ya yi wa Isharat sharhi ya rasu a 1274, ya yi wannan gyara. Ya ce siffanta mahiyya da samuwa ba kamar siffanta jiki da fari ba ne. Bango sai ya tsaya kafin a shafa masa farar ƙasa, amma babu mahiyyar da ke tsaye tana jiran a shafa mata samuwa. Hankali ne yake ɗaukar abu ɗaya ya warware shi biyu.

Da aka kai nan sai tambayar ta canza kama. An yarda a waje abu ɗaya ne, a hankali ma'ana biyu. To wacce ce cikin biyun take da asali a waje, wacce ce inuwa? Mir Damad, babban malamin Isfahan a ƙarni na 17, ya ce mahiyya. Almajirinsa Mulla Sadra, mutumin Shiraz da aka haifa wajen 1571, da farko ra'ayin malaminsa ya riƙe, har yana kare shi da ƙarfi, kamar yadda shi kansa ya ba da labari. Daga baya ya juya. A babban littafinsa Asfar da ƙaraminsa Masha'ir ya ce samuwa ce gaskiyar da ke waje, mahiyyoyi kuwa iyakoki ne da hankali yake zana mata. Ya amsa wa Suhrawardi cewa samuwa ba ta buƙatar wata samuwa, da kanta take, kamar yadda haske yake haskaka komai ba a kunna masa fitila. Ya ce kuma samuwa gaskiya ɗaya ce mai hawa-hawa: aci-balbal da fitilar ƙwai da rana duk haske ne, abin da ya haɗa su shi ne kuma ya bambanta su, wani ya fi wani ƙarfi. Wannan ra'ayi ne ya rinjaya a makarantun Iran har yau, inda ɗalibai suke fara falsafa da Bidayatul Hikma na Ɗabaɗaba'i, wanda ya rasu a 1981. Ta ɓangaren Turai kuma, an fassara Ibn Sina zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, kuma malamin Kirista Toma Akwinas ya gina ɗan littafinsa kan samamme da mahiyya a kan wannan bambanci.

Saura maganar abokinka. Yana da rabin gaskiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi 'yan falsafa a mas'ala ashirin cikin Tahafutul Falasifa. Uku ya kafirta su a kai: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ta fuskar ɗaiɗaikunsu ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Sauran ya sa su a babin bidi'a ko hujjar da ba ta tsaya ba. Raba "mene ne" da "akwai" a kan abin halitta ba ya cikin ukun nan. Abin da ya soka a mas'ala ta takwas shi ne cewa Allah samuwa ce tsantsa ba mahiyya, ya ce samuwar da ba ta wani tabbataccen abu ba ce, hankali ba ya kama ta. Gazalin nan kuma shi ya buɗe Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙihu, da gabatarwa kan manɗiƙi. A ƙasarmu ma abin ba baƙo ba ne. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi kan manɗiƙi, Suyuɗi yana hani, Magili yana karewa. Mai Ahalari da kowane almajiri ya sani, shi ne dai ya rubuta Sullamu a manɗiƙi.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne, Sanusi kansa, a wancan sharhi, ya gargaɗi mai fara karatu kada ya ɗauki aƙidarsa daga littattafan da aka cika da zancen 'yan falsafa, har ya ambaci na Razi da suna. Abin dariyar, shi ne kuma ya kawo ra'ayin Razi a batun wujudi. Ka ga gargaɗin na tsarin karatu ne, wane littafi ke gaba, wane ke baya, kuma a gaban wa.

In ka tambaye ni inda na karkata, a kan abin halitta ina tare da gyaran Ɗusi. Dokin da ke barga ba tubali biyu ba ne da aka manna, amma hankalin da ya warware shi biyu bai yi ƙarya ba, don babu komai a dokantakarsa da ya tilasta a same shi. A kan zatin Ubangiji kuwa, Ash'ari da Ibn Sina da Gazali da Razi duk sun haɗu a kan cewa samuwarsa ba aro ba ce. Abin da ya wuce nan, ko ita ce zatin ko ƙari ce a kansa, Sanusi ya kawo ra'ayoyin ya ci gaba da karatu bai kori kowa daga masallaci ba, ni ma ba zan fi shi zafi ba.

Ranar da kuka koma karatu, ka roƙi malaminka ya buɗe sharhin a daidai siffa ta farko, ya biya maka wurin da aka ambaci Ash'ari da Razi. Bai fi 'yan layuka ba. Ka je da abokin naka, kuma ka gaishe mini da malam.